Hazo ya rufe Kumasi: in ɗauki fim ɗina yanzu ko in jira?

Rabi Aboabo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da gajeren fim, kusan duk a waje ne: lungun gidanmu, bakin titi, sai fitowa ɗaya a saman bene. Yarinyar da ke jan fim ɗin za ta koma makaranta tsakiyar Janairu. Da muka gwada da safe, sama ta fito fari fat, fuskarta kuma ta yi duhu har ba a ganin idanunta. Kuɗin hannuna ko hayar fitila ko mai gyaran kala (mai daidaita launin hoto a kwamfuta bayan ɗauka), ba su isa duka biyun ba. Kyamarar ta aro ce, lens ɗinta (gilashin gaban kyamara) ɗaya. In ɗauka cikin hazon nan, ko in jira Maris in nemi wata yarinya?

Awal Nima: Ki nemi dron, Anti. Daga sama komai kyau yake yi.

Malam Sani Edita: Wa alaikumus salam. Awal, me dron zai gani cikin ƙura? Ga shi sai an yi masa rajista da hukumar kula da jiragen sama. Rabi, ki ɗauka yanzu. Hazo tace rana yake yi, hasken ya sauko da laushi, ya fi ranar Maris da ke haƙa inuwa ƙarƙashin ido. Ki cire sama daga hoton. Ki tsayar da ita gaban bango mai fenti, ko koren ƙyaure, ko bishiyar mangwaro, ki auna hasken a kan fuskarta. Farin kwali babba a hannun yaro, daga ƙasa, zai dawo mata da idanunta. Launi kuma ki saita da hannu, kada ki bar wa kyamara, in ba haka ba wannan fitowa rawaya, waccan toka-toka.

Baba Iddi Asawase: 'Yata, ni dai hazo ya ci ni. Na yi hayar kyamara, mai ita ya haɗo ni da yaronsa. A tsakiyar fili, iska na kaɗawa, yaron ya buɗe ya canza lens, ƙura ta shiga ciki. A ƙaramin gilashin kyamara ba a ganin komai. Sai da muka ɗora a kwamfuta: ɗigo-ɗigo baƙaƙe a wuri ɗaya, duk inda sama ko farin kaftani ya fito. Na koma wurin maigidan, ya ce ni na lalata masa kaya. Ya riƙe Ghana Card ɗina (katin shaidar ɗan ƙasa) da babur sai na biya kuɗin wanke kyamarar. Kafin in haɗa kuɗin, jarumina ya tafi Libiya. Fim ɗin yana nan a ajiye, matata ba ta son a ambace shi, don kuɗin adashinta ne.

Hajiya Mariya: Innalillahi. Allah Ya mayar da alheri, Baba. Yaron bai yi magana ba?

Baba Iddi Asawase: Zai yi magana ya rasa abincinsa?

Rabi Aboabo: Sannu Baba. Amma ni lens ɗaya ne, ba abin canzawa. Fitilar fa?

Tanko Alabar: Fitilar LED mai batir sidi 250 a rana.

Awal Nima: Wace 250? Nan Ankara (Accra) ba ka samu ƙasa da 600.

Tanko Alabar: Ta 600 ɗin har da mai riƙewa ne. Kuma ku da ke bakin teku wane hazo kuka sani?

Fuseini Tamale: Ku duka biyun ba ku san hazo ba. Ku zo nan ku gani.

Malam Sani Edita: Ko nawa ce, ƙaramar fitila ba ta ja da hasken rana a waje, sai an kawo ta dab da fuska. Ki ajiye kuɗin wa mai kala.

Tanko Alabar: To ai kai ne mai kalar, Malam, dole ka ce haka. Mu ne muke tsayuwa a fili.

Malam Sani Edita: Biki da suna kake ɗauka, Tanko. Biki yini ɗaya ne. Fim kuwa yau hazo ya yi kauri, jibi ya washe, kuma dole fitowar biyu su haɗu. A gabana ake kawo kukan.

Hajiya Mariya: Ku bar faɗa, a sayi man kaɗe tukuna. In ba haka ba 'yan wasa za su fito kamar daga gidan niƙa.

Tanko Alabar: Hajiya, ni hazo bai dame ni ba kamar samarin unguwa. Ka kafa kyamara a lungu, sai ga su, wai wurinsu ne, sai ka sauke wani abu. Ka ba wannan, wani rukuni ya zo. Ka ƙi, mai pragya (babur mai ƙafa uku) ya tsaya bayanka yana ta hon.

Fuseini Tamale: Ka fara gaida mai unguwa mana.

Tanko Alabar: Na gaida, har da goro. Su yaran suka ce ba su ci goron ba. Rabi, lungun naku wa ke riƙe da shi?