Bargar Dawakin 'Yan Sanda a Bayan Tsohon Gida: Wucin Gadi Ne ko Zama Daram?

Daga zauren WhatsApp na Hausawa mazauna wani gari a arewacin Ingila, daren Laraba.

Baban Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Kun ji kwamitin tsara gari na ƙaramar hukuma ya amince jiya? 'Yan sanda za su kafa bargar dawakinsu a filin da ke bayan tsohon gidan dutsen nan na cikin lambun gari, na shekara uku, kafin a gama gyaran tasu. Na ga wasu suna ta kumfar baki wai an ci mutuncin ginin tarihi. Ni dai ga tawa: abin da aka ce na wucin gadi ne, kuma ko dutse ɗaya na ginin ba za a taɓa ba, ba shi da wata illa. Mai ja ya fito.

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Ga ni na fito. Kai gidanka yana can ƙetaren layin dogo, ni kuwa tagar kicin ɗina filin take kallo. Doki ɗaya yakan yi kashi wajen kilo 20 a yini. Ka lissafa da dawaki goma, ka kawo zafin watan Yuli, sannan ka zo ka sha shayi a gidana mu gani.

Baban Sadiq: Hajiya, wannan ai kukan hanci ne, ba kukan tarihi ba. Wari daban, ginin daban.

Maman Hanifa: Duka biyun nake kuka.

Injiniya: Bari in sa baki, don irin waɗannan takardun nake ci da su. Yaya Baban Sadiq, inda ka zame shi ne "ba a taɓa ginin ba". A Ingila in aka sa gini a rajistar gine-ginen tarihi, ba bango da rufi kaɗai ake karewa ba, har da kewayensa: abin da ido ke gani in ka tsaya a gabansa, da abin da kake hangowa daga tagoginsa. Rajistar tana da gine-gine wajen 400,000, aji uku. Sama da kashi 90 cikin ɗari 'yan aji na biyu ne. Aji na biyu mai tauraro bai kai kashi 6 ba, aji na ɗaya kuma kashi 2 da rabi. Gidan da muke magana mai tauraro ne, shi ya sa dole sai da aka sanar da hukumar Historic England, mai kula da gine-ginen tarihi, kafin a zauna.

Barista: Ƙwarai. Dokar 1990 ta gine-ginen rajista, sashe na 66, ta ɗora wa mai ba da izini nauyin ya kula ta musamman da kiyaye ginin ko kewayensa. Kotun ɗaukaka ƙara ta fayyace wannan a 2014 a shari'ar Barnwell Manor. An ba wani kamfani izinin kafa dogayen injinan lantarki na iska guda huɗu a Northamptonshire, fiye da kilomita ɗaya daga Lyveden New Bield, ginin da Sir Thomas Tresham ya mutu a 1605 bai ƙarasa ba. Ko inuwarsu ba ta kai ginin, amma izinin ya rushe, saboda jami'in da ya bayar bai ba illar kewayen nauyin da doka ta ce ba. To ina ga barga da ke taku ɗari daga ƙofar baya?

Baban Sadiq: To sai ki ce izinin jiya haramtacce ne ke nan?

Barista: Ban ce ba. Doka ba ta ce kada ƙuda ya sauka kusa da ginin tarihi ba. In illar ba mai tsanani ba ce, ana ɗora ta a sikeli da amfanin jama'a, amfanin yana iya rinjaya. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a ce illar babu ita sam, wanda shi ne abin da ka buɗe zaure da shi.

Auta: Ni tsorona ɗaya. Kun manta dawakin da suka ɓalle a tsakiyar Landan a Afrilun 2024, ɗaya jina-jina, suna karo da motoci? A lambun nan yara ke wasa fa.

Injiniya: Auta, waɗancan na sojojin fadar sarki ne, ba na 'yan sanda ba, kuma ƙarar aikin gini ce ta firgita su suna kan titi. Wannan ba hujjar hana barga ba ce.

Auta: Doki dai doki ne, ba ya duba kakin wanda ke kansa.

Kawu: Ku yara kuna ba ni mamaki. Yaushe doki ya zama abin da ke zubar da darajar gida? A Kano har sarauta aka yi domin barga, Shamaki. Ka cire dawaki daga Gidan Rumfa ranar hawan Daushe ka ga abin da zai rage. Su ma Turawan nan, duk wani babban gida irin wannan da bargarsa aka gina shi, wasu bargogin ma yau suna cikin rajistar da kansu. Wanda ya gina gidan nan da haniniya ya saba tashi da asuba. Filin ajiye motocin da aka shimfiɗa a gabansa shi ne baƙo, amma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba.

Baban Sadiq: Allah ya ja kwana, Kawu! Ka gama magana.

Kawu: Ban gama ba, kada ka yi saurin shafa fatiha. Ba dokin nake tsoro ba, kalmar "wucin gadi" nake tsoro. Ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, ba doki ne ya cinye ta ba. Wannan ya ɗebi ƙasa kaɗan, wancan ya kafa rumfa "kafin in samu shago", rumfa ta zama kwantena, kwantena ta zama bulo. Kowa da ya zo, na ɗan lokaci ya ce.

Baban Sadiq: Kawu, nan Ingila ce. In takarda ta ce shekara uku, shekara uku ce.

Injiniya: Haba Yaya. London Eye, lilon nan mai tsayin mita 135 da ke bakin kogi yana kallon majalisar dokoki, izinin shekara biyar aka ba shi. A 2002 aka mai da shi na dindindin. Bayan yaƙin duniya na biyu an kakkafa ƙananan gidajen haɗe-haɗe da aka ce za su yi kamar shekara goma. A unguwar Excalibur da ke Catford, a kudancin Landan, an yi 187, mutane suka haifi 'ya'ya da jikoki a ciki, har a 2009 aka sa guda shida a rajistar tarihi. Ka ji fa: na wucin gadin ne da kansa ya zama abin da doka ke karewa. Hasumiyar Eiffel ma ta Faris shekara 20 aka yanka mata daga 1889.

Baban Sadiq: Waɗannan duk abubuwa ne da jama'a suka so ko suke kawo kuɗi. Wa zai so rumfar ƙarfe? Su kansu 'yan sandan ƙagare suke su koma tasu. Kuma ku faɗi gaskiya, dawakin nan suna da rana. Ranar wasan ƙwallo, wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin wasa ya san doki shida suna raba taron da 'yan sanda hamsin a ƙafa ba za su iya ba, don na kan doki yana hango abin da ke tafe. Binciken jami'ar Oxford da cibiyar bincike ta RAND na 2014 ya nuna mutane sun fi tsayawa su yi hira da ɗan sanda mai doki, har ninki shida a kan mai sintiri da ƙafa. Rundunoni da dama a ƙasar nan sun rufe sashen dawakinsu saboda tsimin kuɗi. In aka hana su wuri, hujja aka miƙa wa masu son a sayar da dawakin.

Maman Hanifa: Hanifa ma in ta ga dokin 'yan sanda sai na ja ta da ƙarfi. Ba ni da rigima da doki. Amma duk faɗin garin nan, da filayen masana'antu da suka mutu, babu inda ya dace sai bayan gida mai tauraro?

Injiniya: Wannan tambayar ita ce ya kamata kwamiti ya matsa a kai. Kuma ku daina kallon rumfar, ita a kwana biyu ake kwance ta. Ku kalli abin da ke ƙarƙashinta. Barga tana son daɓen kankare, da magudanar fitsari da ruwan wanki don kada su gangara rafi, da wurin tara kashi, da hanyar da babbar motar ɗaukar dawaki za ta juya. Tunda ta 'yan sanda ce, ƙara da dogon shinge, kyamarori da fitilu har asuba. In an haƙa rami an yanke saiwar bishiyar da ta shekara ɗari biyu, ko an farfasa harsashin wani tsohon gini da ke binne, ranar tashi ba za ta mayar da su ba.

Barista: Akwai abin da ke ɓangaren Baban Sadiq dai. Jagorar gwamnati ta ce da wuya a samu hujjar ba da izinin wucin gadi karo na biyu: in wa'adi ya cika, ko a ba da na dindindin ko a hana. Matsalar ita ce takobin kaifi biyu gare shi. Ranar da wa'adi ya cika, dawaki na ciki, tsohuwar barga ba ta gyaru ba, wane kansila ne zai ɗaga hannu a kore su?

Maman Hanifa: To ni yanzu ina zan kai ƙara?

Barista: Anti, maƙwabci ba shi da damar ɗaukaka ƙara a kan izinin da aka bayar, sai wanda ya nema aka hana shi. Lokacinki shi ne kwana 21 ɗin da aka bayar na jin ra'ayi. Abin da ya rage sai babbar kotu cikin mako shida, ita kuma ba ta duba ko shawarar ta yi kyau, sai ko an bi doka, ga tsada. Kin rubuta musu a lokacin?

Maman Hanifa: Wasiƙar ta zo, na ɗauka tallar masu gyaran taga ce.

Auta: Innalillahi.

Maman Hanifa: Kai dai Auta ka kiyaye ni. Ga shi na buɗe sharuɗɗan a shafin ƙaramar hukuma. An sa ranar tashi. An ce a kwashe komai a mayar da ciyawa. An ce a killace bishiyoyi kafin a fara. Na karanta sau biyu ban ga inda aka ce dole su nuna an fara gyaran tsohuwar bargar ba.

Injiniya: Nan ne ramin. Ki tura wa kansilan mazaɓarku tambaya ɗaya a rubuce: an ba da kwangilar gyaran, kuma kuɗin yana cikin kasafin bana? In amsar e ce, ni ma ina bayan Baban Sadiq. In aka fara kewaye-kewaye, ki sayi labule mai kauri.

Baban Sadiq: To na rage murya. Ba "babu illa" ba, illa kaɗan ce, kuma ta cancanci a jure. Amma ina nan a kan bakana cewa za su tashi a kan lokaci. In suka ƙara ko wata ɗaya, ragon zaure a wuyana.

Maman Hanifa: Na ɗauki hoton wannan saƙon. In sun tashi, masa da miyar taushe daga gare ni, har ƙetaren dogo.

Kawu: Hajiya, in za ki rubuta wa kansilan, ki tambayar mini wa za a ba takin. Albasata a ɗan lambun da na yi haya ta shekara biyu ba ta yi kai ba.