Muhawara a kan harsashi mai milimita 70 a tsohuwar bindiga mai baki biyu

Jikan Maharbi:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na gaji bindiga mai baki biyu ƙirar Birmingham daga kakana, lamba 12 ce a ma'aunin faɗin bututu, kuma an mayar da lasisinta da sunana. Da na cire katakon gaba na raba ta, sai na ga hatimai a ƙarƙashin bututun: akwai 12 a saman harafin C, akwai rubutun "NITRO PROOF", sannan 1⅛ oz. Harsashin da ake samu a wurin dillali duka mai milimita 70 ne, dalmarsa giram 32 ko 36. Wani dattijo cikin abokan farautar kakana ya ce mini duk harsashin da ya shiga, bindiga ta rufe ba gardama, to nata ne. Ina roƙon a warware mini gaskiyar wannan magana.

Sarkin Baka:
Wa alaikumus salam, ɗana. Dattijon nan bai yi ƙarya ba. Tun muna samari muke harbin zabi da fakara da irin waɗannan bindigogi na zamanin Turawa, muna sa musu harsashin da kasuwa ta kawo, kuma ban taɓa ganin wadda ta fashe saboda tsawon kwanso ba. Waɗanda na ga sun tsage, ko dai laka ce ta toshe bakin, ko zanzaro ya yi gini a ciki lokacin da aka jingine ta a ɗaki da damina, ko kuma wani ya cika harsashi da hannunsa ya wuce ƙima. Ka leƙa bututunka kafin ka ɗura, ka yi bismilla ka fita.

Mai Gyaran Bindiga:
Allah ya ja zamanin Sarkin Baka, maganar toshewa gaskiya ce, amma ina neman afuwa a kan sauran. Lambar da ake bugawa a jikin kwali tsawon kwanso ce bayan an harba, bakinsa ya buɗe. Kafin harbi bakin a naɗe yake, ya gaza hakan da kimanin santimita guda, shi ya sa mai 70 yake shiga mazauni, wato gurbin harsashi a gindin bututu, wanda aka yi wa mai 65 ya zauna daram, har ma mai 76 yakan shiga. Saboda haka shigar harsashi ba hujja ba ce ko kaɗan.

Hatiman da yaron nan ya karanta sun riga sun ba da amsa. "NITRO PROOF" shaida ce cewa an gwada ta da albarushi marar hayaƙi. Gidajen gwajin bindiga na Landan da Birmingham sun yi amfani da wannan tsari daga 1904, kuma sai a 1925 aka fara buga tsawon mazauni a fili. Harafin C tare da 1⅛ oz, nauyin dalma giram 32 ke nan, yana nufin mazauni mai inci biyu da rabi, wato milimita 65. Idan aka harba mai 70 a ciki, bakin kwanson zai buɗe ne a maƙogwaron da ke haɗa mazauni da bututu, wanda a tsofaffin bindigogi gajere ne kuma tsukakke, domin an yi shi ne saboda kwanson takarda.

Injiniya:
Malam ya karanta hatimai daidai, amma ina ganin an ɗora wa milimita biyar ɗin nan laifin da ya fi ƙarfinta. Wani Ba'amurke mai suna Sherman Bell ya gwada wannan ainihin tambayar da bututun awon matsi, inda ya harba dogayen harsasai a gajeren mazauni, kuma abin da ya samu shi ne matsin yana ƙaruwa, amma ƙaruwar ba ta kai yadda ake tsoratar da mutane ba. Hukumar CIP mai tsara ƙa'idojin gwajin bindiga da harsashi, wadda Ingila da Faransa da Beljiyam ke cikinta, iyakar matsi ɗaya ta sa wa harsashin yau da kullum na lamba 12, mai 65 ne ko mai 70, wato bar 740, bar kuwa ma'aunin matsi ne. Akwai kuma wani rukuni mai ƙarfi da ke kaiwa bar 1050, kuma shi ma ana samunsa a kwanso mai 70. Wannan ne abin gudu.

Abin da ke cinye tsohuwar bindiga a hankali shi ne nauyin dalma da saurinta. W. W. Greener, maƙerin Birmingham, ya bar ƙa'idar cewa nauyin bindiga ya ninka nauyin dalma sau 96. A wannan lissafi giram 28 yana son bindiga mai kilo 2.7, giram 36 kuwa sai mai kusan kilo 3.5, alhali yawancin bindigogin farautar tsuntsu na Ingila ba su cika wuce kilo 3 ba. Wanda ya dage da giram 36, ƙotar ce za ta fara tsagewa a bayan ƙarfen, sannan mahaɗin ya saki ya fara girgiɗi, tun kafin bututu ya nuna komai.

Mai Gyaran Bindiga:
Yallaɓai Injiniya, ban musanta gwajin ba, sai dai an yi shi ne da lafiyayyen bututu. Hatimi yana shaida halin da bindiga take ciki ranar da aka gwada ta, ita kuwa wannan ta haura shekara ɗari, ta sha damina da harmatan, ta sha tsofaffin harsasai masu barin gishirin da ke jawo tsatsa. Sau da yawa ana kawo mini bututu yana ƙyalli kamar madubi, mai shi yana murna, da na sa ma'auni sai in tarar wani ya goge ramukan tsatsa ya tafi da rabin naman ƙarfen. Maƙeran Ingila ba sa natsuwa da bangon da ya gaza rabin milimita a inda ya fi siranta. Ƙarin matsin da bai dami sabon ƙarfe ba yana iya zama shi ne na ƙarshe a kan irin wannan.

Akwai abin da mutum zai duba da kansa. A rataye bututun da zare a ƙwanƙwasa shi da farce: idan ya yi amo mai tsawo, haɗin da ke tsakanin bututun biyu yana nan lafiya, idan ya yi kurum ko ya yi kaɗa-kaɗa, ya saki. A cire katakon gaba a girgiza bindigar a rufe, a ji ko akwai motsi. Amma duk wannan ba ya faɗin kaurin bango.

Ɗan'uwa daga Maraɗi:
Mu a nan abin da ya fi yawa a hannun tsofaffi lamba 16 ce ƙirar Saint-Étienne, irin Robust ta kamfanin Manufrance, kuma su Faransawa sukan buga 65 ko 70 a fili, haka ma na Liège ake ganin 12-65 ko 12-70. A Turai ana sayar da harsashi mai 67 da aka yi domin gajeren mazauni, amma ba ya isowa nan. Tunda haka ne, Malam, me zai hana a ƙara zurfin mazaunin kawai a huta? Kuma yaya batun harsashi mai ƙwayar ƙarfe da ya fara shigowa?

Mai Gyaran Bindiga:
Ban yarda da ƙara zurfi ba, ɗan'uwa, domin za a rage ƙarfe ne daidai inda matsi ya fi tsanani, kuma a bindiga marar nauyi bangon yana fara siranta ne dab da ƙarshen mazauni. A Ingila duk wadda aka yi wa haka hatiminta ya faɗi, laifi ne a sayar da ita sai an sake gwada ta, mu kuwa ba mu da inda za mu kai. Ƙwayar ƙarfe ba ta lanƙwasa kamar dalma, tana iya kumbura bakin bututu mai tsukewa sosai, kuma sam ba a sa ta a bututun murɗaɗɗen ƙarfe mai zane a jiki da ake kira Damaskas. Turawa sun koma mata ne saboda doka, Amurka ta hana dalma a farautar tsuntsayen ruwa tun 1991, amma masu tsofaffin bindigogi a can ƙwayar bismut, wani ƙarfe da bai kai wancan tauri ba, suke saye duk da tsadarta.

Sarkin Baka:
Na ji ku duka. Giram 36 na yarda a bar shi, ni ma na ga ƙotar da aka ɗaure da waya. Amma bindigar da kanta an buga mata 1⅛ oz, wanda kuka ce giram 32 ne, don haka ban ga dalilin hana yaron mai 32 ba. Zabo tsuntsu ne mai taurin rai, kuma maharbi ba ya son ya raunata dabba ta tafi ta mutu a daji mushe.

Injiniya:
Ranka ya daɗe, a nan ina kusa da kai. Giram 32 shi ne iyakar da aka gwada ta a kai, ba abincin kullum ba, kuma giram 28 ko 30 da ƙwaya lamba 4 ko 5 ya isa zabo matuƙar ba a yi harbin nesa ba. Amma idan an auna bangon an tarar da nama, ni ba zan ji tsoron mai 70 na rukunin yau da kullum ba.

Jikan Maharbi:
Na gode, iyayena. Na ɗora ta a sikeli, kilo 2.9 ce. Na kuma duba tsofaffin kwansunan da ke jakar kakana, masu 70 ne, kuma bakin wasu ya yage, roba ta tsinke a gefe.

Mai Gyaran Bindiga:
Wannan yagewar ita ce shaidar cewa maƙogwaron gajere ne yana cizon kwanso, kuma ɓallin robar yana iya maƙalewa a ciki. Kada ka harba ta tukuna, ƙanena. Ka kai ta wurin mai ma'aunin kaurin bango, a auna mazauni da bututu biyun, ka tafi da kwansunan nan a gani. Idan akwai harsashi lamba 20 a jakar, ka raba shi da sauran, domin yana zarcewa cikin mazaunin lamba 12 ya maƙale a gaba, har wani ya shiga a bayansa.