Me za a ba yaro a gida ya gane muhimman lambobi a awo?

Maman 'yan biyu, Gwale: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ɗana yana aji biyu na ƙaramar sakandare. An ba su tsawo santimita 12.3 da faɗi 4.6, ya ninka ya samu 56.58, malam ya ja jan biro ya rubuta 57, wai muhimman lambobi biyu. Yaron ya kafe cewa kalkuleta ba ta ƙarya. Don Allah me zan saya masa ya gane?

Malamin lissafi, Tarauni: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki sayi komai tukuna, kalkuletar nan tasa ta isa. Wanda ya auna ya ce 4.6, iyakar saninsa faɗin yana tsakanin 4.55 da 4.65. Haka 12.3 tana tsakanin 12.25 da 12.35. Ki sa shi ya ninka ƙananan biyun, zai ga 55.7 da ɗoriya. Ya ninka manyan, zai ga 57.4 da ɗoriya. To amsar da take yawo daga 55 zuwa 57, daga ina aka samo mata .58? Kalkuleta ba ta san da wace rula aka yi awon ba. Ƙa'idar ita ce in ninkawa ko rabawa ake yi, amsa ba ta fin awon da ya fi ƙarancin muhimman lambobi, wato lambobin da awon ya iya tabbatarwa.

Tela, Ƙofar Wambai: Ni dai tef zan ce ki ba shi, irin namu mai inci a gefe ɗaya santimita a ɗayan. Ki fito da sabon turmin atamfa, yadi shida ne. Yadi ɗaya santimita 91.44, kin ga a takarda 548.64 ke nan. Ya shimfiɗa a tabarma ya auna, ya ja kaɗan ya sake aunawa. In ya samu abu ɗaya sau biyu ki zo in ɗinka masa riga kyauta. Amma fa sabon tef, tsoho yana miƙewa, sai ya riƙa ba ku amsa iri ɗaya kullum alhali duk a karkace take.

Malamin lissafi, Tarauni: Maganar tsohon tef ɗin nan, Malam tela, darasi ce guda. Sai dai 91.44 ɗin ba auna ta aka yi ba, yarjejeniya ce ta 1959 da ta tsayar da inci ɗaya a kan santimita 2.54 cif. Irin wannan lamba ba ta rage wa amsa komai, awon atamfar ne mai iyaka.

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Ku yi haƙuri, tef da rula kaɗai ba za su nuna masa ba. Hajiya, a aro muku ma'aunin nan mai baki biyu da muke ce wa baniya, wanda muke gwada kaurin ƙarfe da shi. Mafi sauƙinsu yana karanta kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ya ɗauki noti ɗaya ya auna shi sau uku. Da igiyar da aka yi wa alama a kowace santimita zai ce 2. Da rular makaranta zai ce 2.3. Da baniya zai ce 2.34. Notin bai canja ba, kayan awon ne yake ba shi izinin ƙara lamba. Yaran shagona da haka suke ganewa, wasu ko firamare ba su gama ba.

Ɗan hatsi, Dawanau: Ni ban yi boko mai nisa ba amma zan sa baki. A sa shi ya auna gero kwano ɗaya, ƙanwarsa ma ta auna nata, a ɗora kowanne a sikeli. Wani yana cikawa har ya yi tsini, wani yana share baki. Shi ya sa manyan masu saye ba sa yarda sai kilo.

Ɗalibar Jami'ar Bayero: Mama, duk wannan ya yi, amma jarrabawar aji uku tana tafe, kuma a kan sifili yara suke zubar da maki. Sifilin gaba ba a ƙirga shi, 0.045 lambobi biyu ne. Na tsakiya ana ƙirgawa, 305 uku ne. Na ƙarshe bayan ɗigo ma ana ƙirgawa, domin 4.50 tana cewa an auna har gurbi na biyu, 4.5 kuwa ba ta yi wannan alkawarin ba. Sai babbar matsalar, a ce su mayar da 45,678 muhimman lambobi biyu, sai su rubuta 46. Ni da kuɗi na koya wa ƙanina, na ce in kana bin mutum naira 45,678 ya miƙo maka 46 za ka karɓa? Tun daga ranar 46,000 yake rubutawa. Kuma kada ya yanke lamba a tsakiyar lissafi, sai a amsar ƙarshe.

Tela, Ƙofar Wambai: To ƙanwata, 2,400 fa? Biyu ko huɗu?

Ɗalibar Jami'ar Bayero: Wallahi Yaya, a haka kawai ba a iya sani, sai wanda ya auna ya faɗa.

Malamin lissafi, Tarauni: Gaskiyarta. Shi ya sa ake rubuta 2.4 × 10³ in biyu ake nufi, 2.400 × 10³ in huɗu ne. A jarrabawa in tambaya ba ta ce komai ba, ya ɗauke ta a biyu. Malam bakanike, baniyar taka da allon lamba ce ko ta karatun ido? In ta ido ce ina son aro ranar Asabar, zan kai wa 'yan ajina.

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Ta ido ce Malam. Ka zo bayan la'asar, amma kada yara su yar da ita, in bakinta ya lanƙwashe ta tashi aiki.