Jirgin ruwa mai araha daga Apapa, ta ina ake gane lafiyarsa?

Ɗan Dawanau: Salamu alaikum jama'a. Kwantena huɗu ta riɗi gare mu, za su Turkiyya. Ejan ya kawo jirgin da kuɗinsa ya yi ƙasa da na saura sosai, wai zai biya ta Lome. Ya ake bincikarsa?

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka tsaya kan suna, ana canza shi. Ejan ya ba ka lambar IMO, wato lambar shaidar jirgin ta duniya, lambobi bakwai ne, ba sa sauyawa ko sau nawa aka sayar da jirgin. Ka shigar da ita a Equasis, shafin intanet na bayanan jiragen ruwa, rajista kyauta ce. Za ka ga shekarar ƙira, tutar da yake kai, da wuraren da aka taɓa tsare shi.

Tsarewar nan ita ce abin gudu. Ƙasashen gaɓar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya sun ƙulla yarjejeniyar Abuja ta binciken jiragen da ke shiga tashoshinsu a 1999, ofishinta na Legas. Laifin da jami'in NIMASA, hukumar kula da jiragen ruwa ta Najeriya, ya rubuta wa jirgi a Apapa, na Lome da na Tema suna iya gani. Turawa tasu ta Paris ce tun 1982, Turkiyya kuma tana cikin ta Bahar Rum. Abubuwan da ke jawo tsarewa sanannu ne: famfon kashe gobara na ko-ta-kwana ya ƙi jawo ruwa, injin kwalekwalen ceto ya ƙi tashi, na'urar tace mai daga ruwa ta bar man da ya wuce 15 ppm (kashi 15 cikin miliyan), ko ma'aikata suna bin albashi. Sai an gyara zai motsa, kayanka na ciki. Idan ka ga an tsare shi sau biyu cikin shekara uku, ka haƙura da arahar.

Bazazzagi: Bakano da bai san ruwan da ya wuce Tiga ba, yau shi ke tantance jirgin teku 😂

Ɗan Dawanau: Ko Tigar kuna da irinta?

Mai Kiliyarin: Ku ƙara da inshora. Ko mafi girma ka saya, wato ICC A, ba ta biyan asarar jinkiri. Amma idan jirgi ya yi gobara aka ce kowa ya kawo kasonsa na asara, marar inshora sai ya ajiye kuɗi kafin a sakar masa kaya, ko da wuta ba ta taɓa nasa ba. Ana yin inshorar kan kashi 110 na darajar kaya.

Hajiya Kwari: Mu dai Kwatano ta fi mana sauƙin kai.

Mai Kiliyarin: Hajiya, fitar da kaya ake magana, ba shigo da atamfa ba. Kwatanon ma tana cikin yarjejeniyar.

Hajiya Kwari: To Allah ya ba da haƙuri, malam masani.

Ɗan Singa: Riɗi kam gumin kwantena ne makashinsa. A shimfiɗa takarda ƙasa da bango, a rataya buhunan tsotse danshi, kada buhu ya taɓa rufi. Kuma a auna nauyi da gaske, tun Yulin 2016 ba a loda kwantenar da ba ta da VGM, wato shaidar nauyin da aka tabbatar.

Bazazzagi: Wai tashar kwantena ta Dala da ke Zawaciki fa, ana iya aunawa a can?

Ɗan Dawanau: Na tambayi ejan lambar IMO ɗin, ya ce sai ya koma ofis.

Tsohon Injiniya: Ya ba ka cikakken sunan jirgin kawai, da shi ma za ta fito.