Kyanwata ta tare gamsheƙa a bayan randa: in ci gaba da barin ta tana yawon dare?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna kiwon kyanwa, musamman mazauna bakin gari. Shekara biyu ke nan da tarewarmu a bayan garin Zariya, inda daga katangarmu sai gonakin masara, kuma tun a watan farko ɓeraye suka hana mu sakat, har wata maƙwabciya ta ba ni 'yar kyanwa, yara suka raɗa mata suna Gimbiya. Ta yi aikin da aka kawo ta dominsa, sai dai tana da ɗabi'un da har yau ban gane kansu ba. Ba ta kwana ko'ina sai cikin turmi, saboda haka duk ranar da za a yi daka sai an wanke shi da sabulu. Idan ta kama ƙadangare takan ci rabi, ta kawo sauran ta ajiye a kan sallayar maigidan, ba a kan ta kowa ba, kuma sau biyu yana taka guntun wutsiya da asuba cikin duhu. Jaɓa kuwa takan kashe ta, ta yasar a ƙofar madafi ba tare da ta ko ɗanɗana ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da ya faru daren Talata bayan an ɗauke ruwa. Na ji wani irin huci a tsakar gida, da na haska tocila sai na gan ta ta gantsare baya, gashinta duk ya miƙe, wutsiyarta ta kumbura kamar tsintsiya, ga kuma baƙin maciji a bayan randa ya fasa kai. Maigidan da maƙwabta suka kashe shi, suka ce gamsheƙa ne. Da gari ya waye sai muka ga idonta na hagu ya kumbura yana ta zubar da ruwa. Na wanke mata da ruwa, wata ta ce in ɗiga mata madara, wata kuma ta ce in jiƙa mata rabin farasitamol. Surukata ta ce a kai ta kasuwa a yar, domin kyanwa mai wasa da maciji wata rana ɗaki za ta jawo shi. Me ya kamata in yi?

Ɗan Samaru ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, don Allah kada ki ba ta farasitamol ko da ɗan ɓari ne. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi yadda tamu ke yi, kuma ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Aikina ya shafi lafiyar dabbobi, kuma na sha ganin waɗanda suka rasa kyanwarsu ta wannan hanya da kyakkyawar niyya.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da tofin gamsheƙa, wanda yakan feso dafinsa daga nisan da ya kai mita 2, kuma ido yake nufa. Wankin da kika yi shi ne daidai, amma wanki ake so mai yawa, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na kimanin minti 15, kuma madara ba ta fi ruwa komai ba. Tunda kina Zariya, ki kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a duba ko dafin ya ci mata fatar ƙwayar ido, domin irin wannan gyambon ba ya ganuwa sai an ɗiga wani maganin gwaji, kuma idan aka yi sakaci da shi yakan kai ga makanta.

Game da ɗabi'unta, babu abin tsoro. Kyanwa tana son wuri mai zurfi da zai rungume jikinta ta ko'ina, kuma turmi ya cika wannan sharaɗi. Abin da ta farauto kuma takan kai shi inda ta fi natsuwa da shi, don haka ki gaya wa maigidan cewa sallayarsa ce ta ci wannan zaɓe. Jaɓa tana da wani maiƙo mai ɗoyi a gefen jikinta, shi ya sa kyanwa ke kashe ta saboda motsinta amma ta ƙi cin ta. Cin ƙadangaren ne ya fi damuna, domin ta nan kyanwa ke ɗaukar wata tsutsa da ke zama a hanta da matsarmama, sai a ga tana ramewa alhali tana cin abinci. Ki nemi a riƙa ba ta maganin tsutsa duk wata uku, a kuma yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, wanda sunansa ke yaudarar mutane su ɗauka kare kaɗai yake kamawa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana samar da allurar, kuma ana samun ta a asibitocin dabbobi.

Baba Manomi ya amsa:

'Yata, Allah ya ƙara tsarewa. Ni mutumin yankin Kaltungo ne a Jihar Gombe, inda yawan sarar maciji ya sa har asibiti na musamman aka yi mana dominsa, saboda haka ki bar ni in ɗan tsawaita.

Surukarki ba ta yi ƙarya ba, ko da yake ban goyi bayan hukuncinta ba. Da idona na ga kyanwar gidanmu ta shigo zaure da ɗan maciji a baki, da ransa, ta sake shi a kan tabarma tana mangarinsa da hannu kamar yadda take yi wa ɓera. Amma macijin da ya kai girman fasa kai ba kyanwa ce ta kawo shi ba, da cikinsa ya jawo kansa. Ruwan sama ya cika masa rami, ga sanyi da kwaɗi a gindin randa, ga warin ɓera daga wurin hatsi. Da ba ta yi wannan hucin ba, wataƙila wanda zai fara zuwa ɗibar ruwan alwala ne zai gamu da shi.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, kyanwa mai gargaɗi ce, ba garkuwa ba ce. Mutane sukan ce tunda akwai kyanwa a gida maciji ba zai shigo ba, sai su saki jiki, su bar tarin itace da bulo da tsofaffin kwanon rufi a jikin katanga. A wajenmu ba ma gamsheƙa muka fi tsoro ba, kububuwa ce, wadda tsawonta ba ya kaiwa kamu biyu, launinta kuma ya saje da ƙasa. Ba ta fasa kai, sai dai ta naɗe tana goga jikinta, a ji wani sauti kamar an zuba ruwa a kaskon suya. Dafinta yana hana jini daskarewa, kuma karena da ya fi kyanwarki girma sau biyar bai kwana biyu ba bayan ta sare shi a hanci. Ki ɗora randar a kan abin da za a iya ganin ƙarƙashinsa, a nome ciyawar bayan katanga, a toshe kwararo da raga. Idan kuma, Allah ya kiyaye, aka sari mutum, kada a ɗaure wurin, kada a tsaga, a nufi asibiti kawai.

Batun yar da ita a kasuwa kuwa, ki tuna wa surukarki cikin ladabi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Dabbar da ta saba da hannunki, jefar da ita cikin karnukan kasuwa ba alheri ba ne.

Mai Tantabara ya amsa:

Malama, ni dai zan yi magana ne a madadin maƙwabta. Ina kiwon tantabaru a Kano, kuma a damina ɗaya muzurun wani gida ya ci mini 'yan shila bakwai, mai shi kuwa ya rantse mini cewa dabbarsa ba ta taɓa haura katanga ba. Duk mai kyanwa haka yake cewa. Shawarata ita ce ki kulle ta da dare a ɗakin ajiyar hatsi, da ruwa da kwanon yashi, tunda can ne ɓerayen ke zuwa, kin ga ta yi aikinta, ta tsira daga maciji, kajin unguwa ma sun huta.

Abu ɗaya na taɓa gani ya ƙure wannan muzuru, shi ne bushiya. Ya same ta a gindin akurki, ta dunƙule, ya yi ta zagaya ta yana shinshinawa, da ya kai mata hannu sau ɗaya sai ya yi tsalle baya yana yarfe shi, sa'an nan ya zauna yana lasar ƙafa kamar ba abin da ya faru. Tun daga ranar nake bar wa bushiyar ruwa a kasko.

Maman Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun kai ta asibitin dabbobi jiya, an sami ɗan gyambo a idon, an ba mu maganin shafawa, an kuma ce mu dawo bayan mako guda domin allurar rigakafin. Baba, na karanta wa surukata abin da ka rubuta, ta yi shiru, daga baya ta ce a bar ta amma kada ta sake ganin ta kusa da ɗakin yara. Da aka kwashe itacen da ke jikin katanga sai ga saɓar maciji mai tsawo a ƙarƙashi, maigidan ya ce gobe zai kira a toshe kwararon.

Mun gwada kulle ta a ɗakin hatsi kamar yadda Malam ya ce, amma ta kwana tana kuka tana yaƙushin ƙofa har maƙwabta suka aiko tambaya. Daren jiya sai na sa yara suka mirgina turmin zuwa cikin ɗakin, ta shige ta kwanta, ba mu ji motsinta ba sai da safe. Yanzu sauran in sayi wani turmin na daka.