Gonarmu ta bakin kogi: in sayar ko in koma noman rani?

Ɗan Auyo: Assalamu alaikum. Gonarmu ta gado tana bakin kogin Haɗeja, kadada ɗaya da rabi. A 2022 ruwa ya shanye shinkafa saura kwanaki a yanka, 2024 ma haka, ana ta cewa sauyin yanayi ne da hayaƙi ya jawo. Yanzu an taya. In sayar, ko in sayi famfo mai sola in koma rani? Ƙannena mata biyu suna da rabo a ciki.

Baba na Tsangaya: Wa alaikumus salam. Yaro, ruwa na Allah ne. Mun ga farin 1973, mun ga na 1984, babu wanda ya ce hayaƙin Turawa ne. A koma ga istigifari.

Malamar Kimiyya: Allah ya ƙara girma Baba, ai wanda ya ƙaddara shi ya halicci sababi. Hayaƙin fetur da kwal yana riƙe zafi, iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi, shi ya sa ruwan wata guda yake zubowa a dare ɗaya. Afirka duka ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin ba, amma mu ke kwana a ciki.

Na Guri: Ku bar wannan musun. Ni bashi na ci, buhu goma sha biyu na taki. Da asuba na tarar ruwa ya kai ƙirji, rumbu ya narke kamar gishiri, da ƙwarya muka riƙa tsamo gero daga laka. Aka zo aka rubuta sunayenmu har sau uku, ko mudu ban gani ba. Saniyar matata aka sayar aka biya. Ciyawar kachala ta toshe kogi, a sako ruwan madatsun Tiga da Challawa a kanmu, sannan a ce mana sauyin yanayi.

Mai Shago: Famfo da farantin sola huɗu dubu 450 na haɗa wa wani.

Na Guri: Ƙarya ne, ƙanena 800 ya biya.

Mai Shago: An dai yanke shi.

Autan Hajiya: Ɗan Auyo, sayi kwale-kwale, ka huta da taki.

Bamaradiya: Masu cewa mutum ba shi da abin yi, ku zo Maraɗi ku gani. Iyayenmu sun daina tumɓuke kututture, suka bar gawo ya tsiro a gona. Ƙasar da iska ke kwashewa yau tana ba da hatsi.

Baba na Tsangaya: Ke 'yata kin riƙe fartanya, zan saurare ki. Masu allo da alli kuwa...

Malamar Kimiyya: Baba, a gona aka biya mini kuɗin makaranta.

Uwar Biyu: Ana ta cewa kar a sare itace. Da me zan dafa tuwo? Gas ya gagare mu, kullum kuma tireloli cike da gawayi suna wucewa ta ƙofar gidanmu zuwa kudu. Wa ya tare su?

Ɗan Auyo: Jama'a, batun rabon ƙannena fa?

Uwar Biyu: Nawa kuke sayen buhun gawayi a wajenku?