RPG da Hausa: na tsaya a kan "wasan renon jarumi", ku auna mini shi

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Kalma guda nake nema, kuma ina da tawa shawarar da nake so ku ɗora a sikeli.

Daren Asabar muna fada a unguwar Boukoki ta Yamai, shayi na biyu yana kan wuta, sai wani abokinmu da ke gabatar da shirin matasa da Hausa a rediyo ya ce yana so ya yi magana a kan tsoffin wasannin Game Boy. Abin da ya tsaye masa shi ne sunan nau'in nan da masu Turanci ke kira role-playing game, a taƙaice RPG, mu kuma da muka yi lekol muka san shi da jeu de rôle. Ya ce in ya faɗi "erpeje", ƴan Yamai kaɗan za su gane, amma mai sauraro a Madawa ko Konni ba abin da zai kama. Har aka wanke kofuna ba mu daidaita ba.

Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba: Game Boy ƴar na'urar wasa ce ta hannu, kamfanin Nintendo na Japan ya fito da ita a 1989. Toka-toka ce, mai kauri, tana cin pil huɗu, fuskarta kore-kore marar fitila, in duhu ya yi sai ka nemi haske. Ana soka mata kaset ta baya, kowane kaset da wasansa. Yawancin mutane da Tetris suka san ta. Amma akwai wasu kaset ɗin da ba a gama su a zama ɗaya. Ana ba ka yaro marar ƙarfi a wani ƙauye, ka fita da shi duniya, ku yi faɗa, ku yi ciniki, ku tambayi mutanen gari hanya, ka ajiye inda ka tsaya, gobe ka ɗora. Sai ka yi wata biyu a kan kaset guda. Waɗannan nake nema wa suna.

A fada an fara kawo "wasan kwaikwayo". Wannan kalma tana da mai ita tun kafin a haife mu: ita ce ta dandali da rediyo da tele, inda ake da ƴan kallo. Ba mu daɗe a kanta ba. Wani ya ce "wasan taka rawa", tunda a labarai ana cewa wane ya taka muhimmiyar rawa. Gaskiya ne, amma da ka sa "wasan" a gaba, kunnen Bahaushe kalangu zai jiyo. Kuma akwai wasannin na'ura na rawa da gaske, su za su buƙaci sunan.

Wadda ta tsayar da ni ita ce ta wani Badamagare a cikinmu: "wasan shiga riga". Ya kafa hujja da wasan kara na garinsu, inda matasa ke yin shigar masu mulki, su ɗauki tafiyarsu da maganarsu. Na so kalmar nan ƙwarai, kuma ba zan yar da ita ba, domin akwai inda ta zauna daram. Asalin sunan RPG ba daga na'ura ya fito ba. A 1974 a Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da ake yi a zaune kewaye da tebur: mutum ɗaya yana ba da labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin yana magana da bakinsa, ana jefa ƙwaya irin ta ludo mai fuskoki da yawa don a ga ko abin da ya yi niyya ya yiwu. Wannan kam shiga riga ne.

To amma da Japanawa suka ɗauke shi suka sa a na'ura, Dragon Quest a 1986, Final Fantasy a 1987, magana da bakin wani ta faɗi a hanya. Abin da ya iso shi ne lissafin ƙarfi, da girma a hankali, da doguwar tafiya. Suna ya tsaya, abin ya sauya. Yaron da kake juyawa a Pokémon na farko, wasan kama halittu a sa su faɗa, ko magana ba ya yi. Me zai sa mu gaji sunan da su kansu masu shi ya yi musu yawa a wuya?

Bari in faɗa muku inda tawa kalmar ta fito.

A Tawa na tashi. A 2001 yayana ya dawo daga biɗa a Abijan, a cikin tsarabarsa akwai Game Boy da ta sha hannu da kaset guda shuɗi: Pokémon na Faransanci. A zaure nake zama, bakin ƙofa, in karkata ta sai hasken rana ya faɗa kan fuskar. A farkon wasan ana ba ka zaɓi cikin halittu uku, na ɗauki ɗan kunkurun ruwa, Carapuce. Wata rana Baba ya dawo daga kasuwa ya tsaya a kaina.

"Kai, mi kaka yi tun hantsi da wanga abu?"

Ban shirya amsa ba, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, kiwo nika yi."

Ya duƙa ya duba. Na nuna masa lambar da ke gefen sunan, 15. Na yi faɗa ɗaya, na yi na biyu, lambar ta koma 16, sai kunkurun ya fara walƙiya a gabanmu ya rikiɗe ya zama babba, Carabaffe. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe abin girma yake yi." Ya shige gida.

Kunkurun nan na kai shi mataki na 36 ya zama Tortank, na ci gaba da shi har muka ci shugabanni takwas ɗin da wasan ya gindaya. Kaset ɗin wurin ajiya ɗaya tak gare shi. Ranar da ƙanena ya ɗauka ba na nan, ya fara sabon wasa ya ajiye a kan nawa, don bai iya karanta gargaɗin da aka rubuta da Faransanci ba. Na kunna na tarar da wani suna da wata halitta ƴar mataki biyar. Daren nan ban ci tuwo ba. Ba wanda ke shiga wannan hali don makinsa na Tetris ya goge. Abin da ka ɗauka tun yana ƙarami, ka yi ta ɗawainiya da shi har ya kawo ƙarfi, shi ne ke yi maka irin wannan ciwo in ya tafi.

Shi ya sa na ce zuciyar waɗannan wasanni ita ce reno. Da farko "kiwo" na so, saboda amsar da na ba Baba, kuma ta dace da Pokémon: wanda ya ƙirƙiro shi, Satoshi Tajiri, yaro ne mai yawon kamun ƙwari kafin ya zama mai tsara wasa. Amma kiwo na dabba ne, ba a kiwon mutum. "Horo" kuwa yana da ƙanshin bulala. Reno ya ɗauki yaro, ya ɗauki ciki, ya ɗauki maraya, har a labarai ana cewa ƙasashe renon Faransa. Kalma ce mai faɗi. Don haka: wasan renon jarumi.

Na gwada ta a kan kaset ɗin da na fi girmamawa, in ga ko za ta karye.

The Final Fantasy Legend na kamfanin Square, wanda ya fito a Japan a ƙarshen 1989, yana cikin na farko-farkon irinsa a Game Boy. Mutum huɗu ne ke hawan wata doguwar hasumiya da aka ce aljanna na ƙolinta. Kowane jinsi da yadda ake renonsa: ɗan Adam sai ka saya masa magungunan ƙarfi, dodo kuwa sai ya ci naman abokin gabar da aka kashe ya rikiɗe ya zama wani dodon, wani lokaci ya fi na da, wani lokaci ya koma baya. Duk tunaninka a wasan nan shi ne me zan ba wannan, me zan hana shi. Reno ne.

Dragon Quest Monsters na 1998 ya ma fi fitowa fili, har haɗa namiji da mace ake yi a samu ƙwai, ɗan ya gaji dabarun iyayensa. Duk wanda ya taɓa zaɓar wa tunkiyarsa rago zai gane shi nan take.

Wanda na fi so duka shi ne Pokémon na zinariya da na azurfa, 1999 a Japan. An sa agogo a cikin kaset ɗin, in dare ya yi a Tawa dare ya yi a wasan, wasu halittun sai da dare suke fita. Daga 151 suka koma 251. Kuma bayan ka gama ƙasar Johto kana zaton an ƙare, sai a buɗe maka Kanto, ƙasar wasan farko, ka koma garuruwan da ka sani ka tarar shekaru sun wuce a kansu. Ɗan Adar da ya daɗe a biɗa ya san wannan dawowar. Agogon nan dai yana shan ɗan pil ɗin da ke cikin kaset, shi ya sa in ka tsinci ɗaya a kasuwar Katako ta Yamai yau, da wuya ka tarar da ajiyar mai shi na farko.

Inda kalmar ta fi burge ni shi ne a kan Zelda, Link's Awakening na 1993. An daɗe ana gardamar ko RPG ne. Wasa ne mai kyau matuƙa, amma jaruminsa Link ba ya hawa mataki don ya yi faɗa da yawa. Kayan aiki yake tsinta, su ke buɗe masa hanya. Da kalmarmu gardama ta ƙare: wannan yawon kasada ne. Mystic Quest kuwa, wanda ya yi kama da shi a ido, jaruminsa yana hawa mataki kuma kai ke zaɓar ɓangaren da za a ƙarfafa, don haka yana cikin gida.

Bayan na aiko da abin da ke sama, na ga amsoshinku, Allah ya saka da alheri.

Malam, ka ce in an rubuta "raino" ido zai iya karanta "raini". Na karɓa. Mu tsaya a kan "reno", kuma kada a gajarta shi zuwa "wasan reno" kawai, a bar jarumin a jikinsa.

Ɗan'uwa da ka ce reno aikin mata ne, samari ba za su yarda su faɗa ba: ban bi ka a nan ba. Wanda ya koya wa ɗan kokowa kamu tun yana ƙarami har ya shiga fagen neman takobi, me ya yi in ba reno ba? Kuma ko da aikin mata ne kaɗai, aikin da ya tsayar da kowannenmu da ƙafafunsa ba abin jin kunya ba ne.

Hajiya, tambayarki ta fi kowace nauyi: ina labarin ya tafi, tunda waɗannan wasanni labari ne? Na kwana da ita. Ina ganin "jarumi" ta ɗauko shi, domin ba a jarumi sai da labari, kuma yau haka muke kiran wanda fim ya ginu a kansa. Kin ga shiga rigar da muka bari ta dawo ta wannan ƙofa. In mace ce, renon jaruma. Tun Pokémon Crystal na 2000 ake iya zaɓar yarinya.

Ƙananan kalmomin ba su ba mu wahala ba. Abin da yara ke ce wa "nibo" mataki ne. Makin da ake tarawa bayan faɗa, gogewa. Faɗan da kowa ke jiran layinsa, bi-da-bi, kamar dara. Na tebur kuma mun bar wa Badamagare kayansa, wasan shiga riga.

Saura guda, kuma shirin ranar Asabar ne. Me za mu kira halittun da ake kamawa a rena? "Dodo" ya dace da na hasumiya, amma ba zan iya kiran kunkuruna dodo ba, abin da ake tsorata yara da shi. "Dabba" ba ta ɗauki masu kama da dutse ko fatalwa ba, "halitta" kuma ta yi faɗi da yawa. Wanda ke da kaka a kusa, don Allah ya tambaye ta yadda ake kiran irin abin nan na tatsuniya da ke bin yaro yana taimakonsa a hanya, ya kawo mana kafin Juma'a.